Damina Uku a Kundin Malam Nata'ala

Shekara ashirin da bakwai Malam Nata'ala ya yi yana auna ruwan sama a ƙauyensu, gabas da Dutse. Kayan aikin ba su da yawa: mazurari a kan gwangwani a bayan gonar gwaji, da kwalba mai zanen awo. Duk ranar da aka kwana da ruwa, ƙarfe bakwai zai juye abin da ya taru, ya duba, ya rubuta a kundi. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari ma sai da ya auna kafin ya shiga ya gan ta.

Da ya yi ritaya ya dawo unguwar Limawa a cikin Dutse. Nan Malama Magdalena Dung ta same shi, 'yar Filato mai koyar da tarihi a wata sakandare a unguwar Takur. Rubutu take yi a kan kufan da ke bayan ƙauyen su Malam Nata'ala, tsohon birnin da ganuwarsa ta zube, rijiyoyinsa suka cike da yashi. Tuni ta ari kundinsa ta kwafe.

"Baba, an ce yaƙi ne ya ci birnin nan, ni kuwa fari nake zargi," in ji ta. "Manyan daulolin da, kafin takobi ya iso, rumbu ne yake fara zama wayam. Doki ya rasa harawa, talaka ya gudu, abokin gaba ya tarar da ƙofa a buɗe. Su dai ba su sami mai rubuta musu ruwa ba. Mu muna da kai."

Ya yi murmushi yana gyara hula.

Ta ci gaba: "Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Daga 2009 zuwa 2011 gida goma sha ɗaya suka tashi daga ƙauyenku, alhali kundinka ya nuna ruwa ya wadata. Waɗannan kam son birni ne ya ɗebe su. Haka zan rubuta, da sunayen gidajen."

Murmushin ya ɗauke. Cikin gidajen har da na ƙanensa Barau, wanda yanzu yake tura kurar ruwa a Kano, kuma har yau ana yi masa gorin ya tsere wa fartanya.

Abin da ya faru shi ne, a farkon daminar 2009 kwalbar ta suɓuce masa ta fashe, mako biyu bayan an yabe shi a gaban ma'aikata. Kunya ta hana shi faɗa. Sai ya koma awon mahaifinsa: ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya, ya mayar da ita lamba. Kuma a garinsu ba a cewa ruwa ya yi kaɗan, ana ganin raina kyautar Allah ne, sai dai a ce an samu, alhamdu lillahi. Saboda haka duk sa'ad da hannunsa ya taɓo busasshiyar ƙasa kusa, sai alƙalami ya ɗan ƙara. Damina uku yana haka, har aka raba sababbin kwalabe.

Da rana matarsa Larai ta ga ya ture kwano.

"Malam, tuwon ne bai yi ba, ko sammaci baƙuwar nan ta kawo?"

Ya gaya mata komai. Ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Gero ya bushe a tsaye muna kallo, ashe takardarka ce kaɗai ta sha ta ƙoshi. Da Barau ya zo sallama, ba kai ka ce masa ba shi da haƙuri ba?"

Shi ɗin ne kuwa.

Washegari ya sa kundin a jaka ya hau babur zuwa Takur. A ɗakin malamai ya yi bayani, idonsa a kan takalminsa. Magdalena ta dafa kundin.

"Baba, wata shida na yi ina gini a kan lambobin nan."

"Na sani, Malama. Sunana za ki sa, ba nasu ba."

Ya ari jan biro da rula, ya ja layi a kan shafi ashirin da shida ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan kowanne ya rubuta: "Ba a auna ba. Kintacen hannu ne, kuma na ƙara." Ya sa hannu da kwanan wata.

"To yanzu wa zai gaya mini gaskiyar shekarun nan?"

"Barau. Sau huɗu ya yi shuka a damina ɗaya. Ga lambarsa."

Ta mayar masa da takardar da ya rubuta lambar. "A'a, Baba. Kai za ka kira."

Ya fito ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya ɗauko waya ya danna lambar. Can ya ji ƙarar jarkoki, sannan muryar ƙanensa: "Yaya? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Barau, ajiye kurar nan tukuna. Ka tuna ranar da na ce ba ka da haƙuri?"