Ranar da Muka Kasa Yin Shiru

Zaurenmu na cikin waya da irin albasa ya fara. Wata mata a Rimawa tana neman irin da ke jure ajiya, wata a Dinawa tana da shi, sai aka haɗa su. Daga nan ya yi ta girma har ya zama wurin da matan Wurno da Rabah da Goronyo ke jin haihuwa da rasuwa, da labarin wadda aka sallamo daga asibiti. Ni nakan saka 'yan baitocina bayan la'asar. Wasu su yaba, wasu su tambaye ni ko ba ni da wanki.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure cikin makiyaya a Kwargaba, ba ta karanta boko, da murya take shiga. Saƙonta yakan zo da kukan maraƙi a bayansa, da ƙarar ludayi cikin ƙwarya. Ita ke buɗe zauren kowace safiya, kuma in ba ta gaishe mu ba, sai ranar ta zama kamar ba ta fara ba.

Sai kamfanin da ke da dandalin da zaurenmu yake ciki ya fito da sabuwar doka: kowa ya sa hoton fuskarsa a fili, ko a rufe masa shafi. Mu kuwa furanni muke sakawa, ko tafin hannu da lalle, ko gonar albasa. Ba mu kaɗai abin ya ɓata wa rai ba. Zauruka da yawa a wasu garuruwa suka shirya cewa ranar Juma'a kowa zai yi shiru, kada a aika ko kalma ɗaya, don kamfanin ya ji zafin rashinmu, sannan a tashi.

Ƙawata 'yar Rabah, wadda ta karanta ilimin kwamfuta a Sakkwato, ita ta samo mana inda za mu. Wani irin dandali ne da ba shi da mai gida ɗaya. Kowace jama'a na iya kafa nata ɗan gida da dokokinta, gidajen kuma suna jin juna, kamar maƙwabtan da katangarsu ba ta da tsawo. Ta kafa mana namu, ita ke riƙe da shi. Na kira Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce, "To, na jiya."

Da safiyar Juma'a ina shanya tufafi wayata ta yi ƙara. Muryar Gwaggo ce.

"Salamu alaikum, mutanen zaure. An ce mu tashi shiru. Ni dai ban taɓa barin wuri kamar ɓarauniya ba. Wadda na saɓa wa, ta yahe mani."

Ba ta tsaya nan ba. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowace da sunan ɗanta na fari, tana tuna mata wani alheri, tana neman gafara. Wa zai ji haka ya ƙi amsawa? Mai irin albasa ta Dinawa ta amsa tana kuka. Wata ta nemi yafiyar wadda ta yi wa dariya kan ɗinki. Kafin a tafi masallaci, zauren ya cika fiye da ranar Sallah. Ni ma, da na taimaka wajen shirya shirun, sai ga ni ina aika nawa.

Ƙawata ta fusata. Ta aiko da murya gaban kowa: "Haba Gwaggo! Kin ɓata muna shiri. Yau da munka ce a yi shiru, yau kinka tara musu kasuwa!"



Mun tashi, kuma kusan kowa ya biyo mu, domin a cikin ban kwanan kowace mace sai da ta tambayi 'yar'uwarta ta ina ake shiga sabon wurin. Amma Gwaggo ba ta zo ba. Safiya ta yi ta wucewa ba gaisuwa. Matan sukan leƙo, su ga ba kowa, su koma. Na fara jin tsoron gidan da muka gina zai mutu da sanyi.

Na kira ta. Ta ce, "Ɗiyata, wancan wurin na baƙo ne da ban san huskarshi ba, ba ruwana da hushinshi. Wanga kuwa kin ce na yarinyar Rabah ne. In shiga gidan wadda ke hushi da ni, ba ta ko kira ni ba? Da mi zan yi sallama?"

Na daɗe zaune da wayar a cinyata. Mun yi ta murnar mun rabu da mai gidan da ba ya jinmu, ban taɓa tunanin abin da ke tattare da mai gidan da ka sani ba. Yana iya jin ka, yana kuma iya ɓata maka rai, sai ka gan shi a wurin biki.

Na gaya wa ƙawata. Ta ce za ta aika saƙo, na ce ta ina? Ta yi tsaki, ta yi dariya, ta ce in jira ta a tashar Wurno.

Mun sami Gwaggo a inuwa tana burga nono. Ƙawata ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa.

"Ina wuni, Gwaggo? Na zo ki yahe mani. Bakina ya yi sauri."

"A'a, mai gida da kanta? Ke ce mai hana tsohuwa magana?"

"Ni ce, Gwaggo. Gidan naki ne, ki zo ki zauna muna."

"Can ma za ki riƙa sa ranar shiru?"

"Ko na sa, wa zai bi ni?"

Gwaggo ta yi dariya har muburgin ya tsaya. Ta zuba mana nono, ta ce sai mun shanye tukuna. Sannan ta kwance wayarta daga bakin zane ta miƙa wa ƙawata, ta matso kusa tana kallon yatsunta.

"Ki yi a hankali," in ji ta. "In na shiga, ki nuna mani inda 'yan Goronyo sunka zauna. Da su zan hwara."