Gado Mai Tafki da Kwasakwasan Doguwa

Idan ka gangara fadama daga Geceme, ka bar giginyu a hannun dama, akwai wani tafki da ko rani ya kai rani ba ya ƙafewa. A zamanin Anasara, Gado ne mai tafkin nan. Ba sarki ba ne, ba malami ba, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Gajere ne siriri, ga taurin kai, har matarsa Kubra takan ce da shi da jakinsu ba ta san wanda ya koya wa wani ba. Abu ɗaya ya gada wurin ubansa: shi ke buɗe su, wato ranar da duk gari ke faɗawa ruwa kamun kifi.

Ga yadda abin yake. Da bazara ruwa kan ja baya, kifi ya taru a tsakiya, su kuwa rumbuna sun fara nuna gindi. A daidai lokacin nan kwasakwasa ke sauka, manyan fararen tsuntsayen nan masu jaka a ƙarƙashin baki. Zalɓe da dinya da kirinjijiya 'yan gida ne, kullum suna nan, amma kwasakwasa baƙi ne, kuma mutanen wurin sun ce Doguwar tafkin, wato aljanar da ke cikinsa, ita ke gayyato su. Baƙo shi ke fara ci. Muddin suna kan ruwa, ba mai shiga, ba mai jifa. Sai ranar da suka tashi don kansu Gado zai yi kira, a shiga su. In kuwa aka kore su, to an rufe tafki ke nan a shekarar, ba mai taɓa kifi ko ɗaya, kuma an ce wanda aka kora ba ya komowa. Shekara ashirin Gado na riƙe da wannan, ko sau ɗaya ba a kore su a hannunsa ba.

Shekara biyu bayan yunwar da fara ta jawo, hatsi bai gama dawo wa mutane ba, sai ga wani Anasara daga Dogon Dutsi, da tafintansa Ɗan'azumi mai ce masa Mushe, da gardi ɗaya, wato ɗan sandan Anasara, riƙe da bindiga. An ɗoro wa raƙumi wani akwati mai ƙafa uku. Wai hoton tsuntsaye ya zo ɗauka. Gado bai ga laifi ba, kallo ai ba kora ba ne. Shi da kansa ya nuna masa gindin wata tsamiya inda ake hango tsakiyar ruwa.

Kwana uku mutumin nan na cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, yana leƙe ta akwati, yana matsa wata 'yar roba. Ya ɗauki kwasakwasa suna iyo a jere, suna tura kifi gefe, suna kwasa. Ya ɗauki zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Mata masu ɗibar ruwa a gaɓa har sun saba da shi, sun sa masa Mai Akwati.

Rana ta huɗu da sassafe ya sa aka kira Gado. Ɗan'azumi ya ce, "Baba, Mushe ya ce ya gaji da tsuntsaye zaune. Yana son su a sama, duka lokaci guda. Za a harba bindiga, su tashi, shi ɗauka."

Gado ya ce, "Hwaɗa mai shi jira. Su ad da ranarsu."

Tafinta ya juya maganar, aka ba shi amsa a gajarce. Ya ce, "Mushe ya ce ba ya jiran tsuntsu. Yau za shi koma."

Gado ya dubi ruwa. Wallahi sai da ya sake dubawa. Kwasakwasan sun daina ci, sun fito kan tsibirin laka, kowanne na gyaran gashinsa, duk sun fuskanci kudu. Ya san wannan tsayuwa sarai. Da rana ta ɗaga, iska ta yi ɗumi, yau za su tafi. Da mutumin nan tambaya ya yi, da Gado ya ce masa ya zauna ya sha inuwa zuwa hantsi. Amma umarni ya bayar, kuma ya ce ba ya jira. To, kar ya jira. Gado ya kama bakinsa.

Mai Akwati ya shiga ƙyallensa, ya ɗaga hannu ɗaya, alamar in ya sauke a harba. Nan fa gizo ke saƙar, don mutum ɗaya ba ya riƙe roba ya riƙe bindiga, dole wani ya harba masa. Gardin kuwa Gado ya san shi tun yana tsumma: Rabo ne, ɗan wata Bilkisu ta Dumega.

Gado ya taka har gabansa, ya tsaya ƙirjinsa na kusan taɓa bakin bindiga. Ya ce, "Rabo ɗan Bilkisu, da cikinka uwarka tac ci kihin tabkin ga. Ni nab ba ta da hannuna. Halba in gani."

Hannun Anasara ya sauka. Shiru. Ya sake ɗagawa ya sauke. Shiru. Ya fito daga ƙyalle fuska ja wur, yana ta faɗa da yarensu. Rabo ya ce bindiga ta ci tura, ya yi ta ƙwanƙwasa ta kamar gaske. Aka miƙa wa Ɗan'azumi, ya ɓoye hannuwansa cikin riga ya ce shi aikinsa baki ne, bai taɓa harbi ba. Mutanen gari sun taru a nesa, Anasara ya daka musu tsawa su yi ihu, su yi jifa. Ko tari ba wanda ya yi.

A wancan zamani mai farar fata kan ɗaure mutum kwana goma sha biyar ba alƙali ba shaida. Shi aka yanke wa Gado nan take: fasa dutse a hanyar mota. Rabo ya ɗaura masa igiya a kugu yana kau da kai. Kubra ta iso da gudu za ta fasa kuka, Gado ya ce, "Ke, bar wanga. Tahi ki ce kowa shi hiddo homatai." Ta dube shi kamar wanda ya zare, amma ta tafi ta faɗa, kowa ya fito da homarsa ta kamun kifi.

Aka naɗe ƙafafun akwati, aka nannaɗe shi da bargo, aka ɗaure bisa raƙumi tamau. Kafin a gama wannan hantsi ya yi. Suna hawa tudun da ke bayan tsamiya ke nan, sai aka ji fuka-fukai na dukan ruwa. Ɗaya ya tashi, goma suka bi, sai duka. Kai, ranar an ga tsuntsu! Suka yi ta kewaya tafkin suna hawa sama, farare fat, inuwarsu na wucewa ta kan raƙumi da akwatin da ke ɗaure a bayansa. Anasara ya diro daga doki yana fizgar igiyoyi, ƙulli ya ƙi kwantuwa. Kafin ya zaro ƙafa ɗaya ta akwatin, sun zama ɗigo-ɗigo can kudu.

Gado, da igiya a kugunsa, ya juya ya fuskanci fadama, ya buɗe murya iya ƙarfinsa: "Baƙi sun ƙoshi! Ruwa ya buɗe!" Gari duka ya faɗa tafki, maza da mata, guɗa na tashi. Shi kuwa aka ja shi arewa, bai ɗanɗana ɗanyen kifin shekarar ba.

Ya yi kwanakinsa goma sha biyar cif. A rana ta tara tsagin dutse ya fallatsa masa a idon hagu, idon bai sake gani ba. Da ya dawo Kubra ta ga fuskarsa, ta zauna daɓas a ƙofar ɗaki ta yi kukan da ya hana ta yi. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce ta kawo masa busasshen kifin da ta ajiye masa, yunwa yake ji.

Bazara ta kewayo. Wasu na ta ƙus-ƙus, wai an nuna wa baƙin Doguwa bindiga, ko ba a harba ba sun gani, ba za su komo ba. Kullum Gado na gindin tsamiya yana karkata kai yana duban kudu da idonsa na dama. Rana ta goma sha ɗaya da fara jiransa Kubra ta kawo masa fura, ta tarar da shi tsaye, hawaye na bin kumatunsa ta gefe ɗaya. Ta bi inda yake kallo, sai ga su can suna tahowa a jere.

Ta ce, "Maigida, kana ganinsu kuwa?"

Ya ce, "Mi za ya hana? Ido guda ya ishe ni."