Lambun Inna Mai Kifi a Saman Bene

Ba da son ranta Inna Mai Kifi ta dawo gidan benenmu ba. 'Yarta, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta matsa mata ta bar kasuwa bayan likita ya ce tsayuwa ta cinye mata gwiwoyi. Tun tana budurwa take gyaran kifi a kan teburi guda: ta kankare, ta farke ciki, ta yayyanka, ta wanke, ta miƙa wa mai shi. A gaban teburin nan ta yi goyon 'ya'yanta, a nan kuma labarin rasuwar mijinta ya iske ta. Duk wanda ya ga hannuwanta ba sai an gaya masa sana'arta ba. Tabon ƙaya ne da na wuƙa ko'ina, fatar ta yi kauri kamar ta tafin ƙafa.

Ni tela ce, ƙofata na kallon tasu. A makonnin farko ina jin takunta daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, tana sake wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Wata rana ta hau saman bene shanya, sai ta tarar da fili fetal, ba kowa sai tankunan ruwa da igiyoyi da tarkacen da 'yan haya suka jibge: tsofaffin tayoyi, bahon wanka da ya tsage, da wani firij da ya daɗe da mutuwa. Ta nemi izinin mai gidan, ya ce ta yi abin da ta ga dama muddin ruwa ba zai ɗigo wa kowa a ka ba. Daga nan ta shiga hawa da ƙasa a bokiti, rabi-rabi, daga inda ake haƙa magudanar ruwa a bakin titi, tana hutawa a kowane hawa. 'Yarta ta yi faɗa har ta gaji, ta ce hutu ta kawo ta yi. Inna ta ce ai hutun ne ke neman kashe ta.

Yaran gidan ne suka fara gano abin da ake yi a sama. Akwai jikanta, wanda take tsokana da sunan Maigida, da tagwayen mai gyaran waya, da 'yata mai shekara huɗu, wadda mutanen gidan suka laƙaba wa Tambaya don bakinta ba ya hutawa. Ita ce ta kalli Inna wata safiya ta sanar da ita cewa ta san inda kifi yake fitowa: daga firij, kuma a kanti akwai wani babba inda ake haifarsu. Inna ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Da yamma ta leƙo ɗakina ta ce gobe in turo mata yarinyar, in ina da sarari ni ma in hau.

Na hau da ɗinkin hannu. Ta shimfiɗa katako a inuwar tanki, ta ɗora wani ƙaton kifi ɗanye wanda tsohuwar abokiyar sana'arta ta aiko mata, yaran suka kewaye ta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta bar su suka shafa shi daga kai zuwa wutsiya, sannan daga wutsiya zuwa kai, don su ji yadda ɓawon yake santsi ta nan yake kaushi ta can. Ta ɗaga murfin da ke gefen kansa ta nuna musu jan abin da yake numfashi da shi a cikin ruwa. Ta ce musu shekaranjiya war haka yana iyo, yana da inda za shi. Sannan ta sa wuƙa. Ban taɓa ganin hannu ya san hanya kamar nata ba. Cikin ya buɗe kamar an zuge jaka, ta fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin aikin kowanne, har ta zo kan wata 'yar jaka ruwan ɗorawa cike da ƙwai ƙanana kamar yashi. Ta ce kowace ƙwaya a nan kifi ce da ba ta samu zuwa ba. Tagwayen suka ce za su ƙirga, ta ce bismilla, amma su sani gemu zai riske su a wurin.

Da ta tsaga tumbin, sai ga wani ɗan kifi a ciki, guda cur, da idonsa da wutsiyarsa. Yaran suka matso suna leƙe. Ni kaina allura ta tsaya a hannuna. Na yi shekaru ina dafa kifi ban taɓa tsayawa na duba ba.

Tambaya ta ce, "Kaka, shi ma ci yake yi?"

"Shi ma ci yake yi. Wannan ƙaramin kuma ya ci wani abu kafin a ci shi."

"To mu wa zai ci mu?"

Na buɗe baki zan kwaɓe ta, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ƙasa. Amma da sauran lokaci, kuma ita ba ta da haƙori. Zo ki ga abin da take yi da abin da aka ba ta."

Ta kwashe hanjin da ɓawon ta kai su wajen tsohon firij ɗin, wanda ta kwantar da shi rigingine ta cika da ƙasa. Yaran suka haƙa rami da cokula, aka zuba, aka barbaɗa toka don kada wari ya tashi, aka rufe. A kai Maigida ya danna 'ya'yan kabewa da ɗan yatsansa.

Kafin damina ta yi nisa saman benen ya zama wani wuri dabam. Tumatir a tayoyi, alayyafo a baho, wake na hawa igiyar shanya har matan gidan suka haƙura suka bar masa ita. Kabewar kuwa ta fito daga firij ta yi yaɗo ta zagaye ƙafar tanki, ganyenta kamar faranti. Da hantsi ƙudan zuma ke zuwa su shige cikin furenta su fito jikinsu duk gari. Yadda aka yi suka gano lambu a saman bene a tsakiyar hayaƙin motoci, har yau ban sani ba. Inna ma ta ce ba ta sani ba, kuma ta faɗi haka a gaban yaran ba tare da jin kunya ba. Wannan halinta ne. Abin da ta sani ta faɗa, wanda ba ta sani ba ta tsaya tare da su su yi ta kallo.

Daga baya ta kawo kaza, wata ja mai ƙiba wadda ta riga ta kwana biyu a duniya. Yaran suka sa mata suna Malama, wai haka malamarsu take tafiya idan tana duba aikin aji. Ranar da Tambaya ta fara ɗaukar ƙwai daga ƙarƙashinta, da gudu ta sauko ta manna mini shi a kumatu don in ji ɗuminsa. Ta ƙi yarda a soya shi sai da ta koma ta yi wa kazar godiya.

Da zafi ya shigo Malama ta fara ƙin abinci. Ta daina tono, ta koma kwanciya a gindin tanki tana lumshe ido. Inna ta ba ta ruwa da cokali, ta yi mata duk abin da ta sani, amma wata safiya ta hau ta tarar da ita ta miƙe ƙafafu. 'Yarta ta ba da shawarar a sa ta a leda a kai bola kafin yara su dawo daga makaranta, a ce musu an mayar da ita wurin 'yan'uwanta. Ba don mugunta ta faɗa ba. Ba ta son ganin kukan ɗanta, kuma ni ma da aka tambaye ni hakan na zaɓa. Inna ta saurare mu har muka gama. Ta ce yaran nan sun ba kazar nan abinci da hannunsu, suna da haƙƙin sanin inda ta ƙare, kuma in aka ce musu tafiya ta yi, za su yi ta jiran dawowarta a bakin matakala. Muka yarda, don gaskiya ta faɗa.

Ta shimfiɗa kazar a kan tsohon zane a inuwa. Da yaran suka hau, ta zaunar da su ta gaya musu kai tsaye cewa Malama ta mutu. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ce a yi magana a hankali kada a tashe ta.

Inna ta ce, "Ba barci take ba, ɗan nan. Mai barci yana numfashi, kuma yana tashi. Sa hannunka a ƙirjinka. Ka ji abin nan da ke bugawa? To taɓa nata."

Suka taɓa ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya fashe da kuka, ta jawo shi jikinta ta bar shi ya yi mai isarsa, ba ta ce masa namiji ba ya kuka ba. Tambaya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana buɗe fiffiken kazar tana kallon yadda gashin ya jeru, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa, abin da Malama ba ta taɓa tsayawa ta bari a gani ba tana da rai. Sannan ta tambaya ko tana jin zafi yanzu, aka ce mata a'a, ciwon ya ƙare. Ta sake tambaya me ya sa aka ci kifi amma ba za a ci Malama ba. Inna ta ce dabbar da ciwo ya kashe ba ta mutane ba ce, rabon ƙasa ce. Suka haƙa rami mai zurfi a cikin baho, suka binne ta da zanenta, aka zuba toka, aka dasa barkono a kai. Bayan sun wanke hannu da sabulu ta raba musu tumatir, suka ci suna shessheƙa.

Damina ta sake zagayowa kafin a taɓa bahon. Da za a sauya ƙasar, Inna ta kira yaran, ta ce wanda yake so ya gani ya matso, wanda ba ya so ya je ya yi ban-ruwa. Ba wanda ya tafi. Ƙasar ta yi baƙi wuluk, tana ƙamshi irin na ruwan farko, tsutsotsin ƙasa na ta kai-kawo a ciki. Babu nama, babu wari. Sai ƙasusuwa farare sirara marasa nauyi, saiwar barkono ta ratsa tsakaninsu kamar zare. A tsakiyarsu kuma ga wani ɗan tarin tsakuwa masu santsi. Inna ta ce da su kaza take niƙa abinci a ƙundunta, tunda ba ta da haƙori. Cikin tsakuwar Tambaya ta tsinto wani ɗan shuɗin maɓalli, irin wanda nake sa wa rigunan jarirai. Muka yi ta miƙa wa juna shi. Mai gyaran waya, da ya hau duba tankinsa, ya tsuguna a gefen bahon bai tashi ba sai da matarsa ta aiko kiransa.

Yanzu gwiwoyin sun ci ƙarfin Inna, ba ta iya hawa. Yaran, da suka ɗan tasa, su ke kula da lambun, ita kuma tana zaune a bakin ƙofarta suna kawo mata rahoto. Kwanakin baya ta ce ba ta yarda da rahoton ba, sai ta gani da idonta. Mai gyaran waya da wani direba da ke zaune a hawan ƙasa suka ɗora ta a kujera suka hau da ita, tana yi musu tsiya cewa buhun kifi ma an fi lallaɓa shi. Da aka ajiye ta, ta daɗe tana kallo. Can ta nuna tayar da aka shuka wake, ta ce sun cika shi da yawa, sai an cire wasu in ana so sauran su yi 'ya'ya. Ƙanwar tagwayen, wadda ita ta shuka shi, ta tare tayar da hannu biyu ta ce ba mai taɓa mata. Inna ta ce a matso da kujerarta kusa. Suka yi ta shawara su biyu ƙasa-ƙasa, kai da kai, tsiro bayan tsiro, har yarinyar ta zaɓi waɗanda za a cire da kanta. Ta tattara su a cikin siket ɗinta, ta sauka da su a hankali ta kai wa uwarta ta ce a sa a miya.