Gwiwata da Sandar Giyar Evaristo

Mijina Evaristo direba ne ɗan direba. In aka tara duk maganar da ya yi tun ranar aurenmu, ba za ta cika kofin shan kofi ba. 'Yan unguwarmu ta Marianao suna cewa ranar da ake rabon baki ni na riga shi zuwa layi, na karɓi nawa na haɗa da nasa. Ban taɓa musu ba. A duk Habana, babban birnin Cuba, ba wanda ya fi ni iya bin layi.

Shi da motarsa sa'o'in juna ne. Tsohuwar motar Amurka ce, mai ƙaton gaba da ƙaton baya, ubansa ya saye ta hannu na biyu, ya raɗa mata suna Gorda, wato Lukuta. A kujerarta ta baya Evaristo ya yi rarrafe, a kan sitiyarinta ya tauna haƙoransa na farko. Da uban ya rasu, sai ya gaji motar, ya gaji hular, ya gaji hanyar: daga Marianao zuwa tsakiyar gari, a dawo, a koma, fasinja uku a baya in suna da ƙiba, huɗu in an ji yunwa a shekarar, biyu kuma a gaba kusa da direba.

A wannan kujerar ta gaba ya same ni. Ina budurwa, na shiga na zauna a tsakiya, na sha jan baki har kunne. Sandar giyar Gorda a jikin sitiyari take, irin ta da, kuma tun a lokacin giya ta uku ta riga ta cinye. Da an hau tudu sai ta fice da kanta, inji ya yi ta ihu mota na tsaye. Muna hawa tudun gadar Almendares sai wannan dogon saurayin ya kama hannuna na hagu, ya ɗora a kan sandar, ya ce, "Riƙe."

Kalmar soyayya ta farko da ya faɗa mini ke nan. Ta biyun kuwa na daɗe ina jira.

Na riƙe. Ban sauka a inda zan sauka ba, don wani tudun yana gaba. Haka na zama matarsa, na zama karen motarsa, na zama maganin giya ta uku. Ni ke kiran hanya ta taga, ni ke karɓar kuɗin mota, ni ke gaya wa kowane mai sauka, "A hankali da ƙofa, ɗan nan, ta girmi uwarka." Shi nasa tuƙi ne kawai. Ɗanmu Yosvany ma saura kaɗan a haife shi a kan tudun nan, don naƙuda ta kama ni hannuna na kan sanda, kuma ban saki ba sai da muka kai gangara.

Shekaru suka yi ta cin motar, mu kuma muna yi mata ciko da abin da muka samu. Birkinta na motar Rasha ne, lagireto na tarakta, fitilun gaba na wata bas da ta mutu, murfin tanki kuma murfin tukunyata ne da na nema na rasa. Ni ma ban tsira ba. Haƙorana na sama na roba ne, idon dama an sa masa sabon gilashi a ciki, ƙuguna na hagu kuwa ƙarfe ne tsantsa tun da na zame a banɗaki. In ana maganar kayan asali, tsakanina da Gorda ban san wadda ta fi wata saura ba.

Daga ƙarshe inji ya gaji. Yana shan fetur kamar mai jin haushinmu, yana tari, hayaƙin da yake fitarwa kuwa har sauro ya yi ƙaura daga layinmu. Evaristo ya samo injin gas na Koriya da giyabos mai giya biyar, daga wata ƙaramar bas da ta yi karo da bishiya. Amma sabon inji ba ya zama a tsohon ciki haka kawai. Akwai ƙafafun da za su riƙe shi, da farantin ƙarfe mai haɗa wannan da wancan, da tarkace iri-iri. Waɗannan sai daga wajen Yosvany, wanda yanzu yake gyaran firji a Hialeah, can Amurka.

Ya kira mu ta bidiyo, muka cusa kawunanmu biyu a gaban gilashin wayar.

"Baba, abu ɗaya ya rage," in ji shi. "Akwai wasu igiyoyin ƙarfe da za su bar maka sandar giya a jikin sitiyari yadda ka saba. Akwai kuma sandar ƙasa, ga ta nan."

Ya nuna mana hotonta. Sanda ce mai ƙyalli kamar cokalin masu kuɗi, da jan kai mulmulalle. Evaristo ya buɗe baki. Ni kuwa tun da nake ban taɓa barin bakinsa ya yi wahalar banza ba.

"Ta ƙasan za ka aiko!" na ce. "Mu ma a gan mu. Kullum mu ne na da?"

"Mama, kin tabbata? Bari Baba ya yi magana mana."

"Ya yi. Ba ka ji ba ne, layin ba kyau."

Evaristo ya rufe bakinsa.

Kayan suka iso a akwatin wata maƙwabciyarmu da ta je ganin jikoki, kowane ƙarfe an naɗe shi a cikin ɗan kamfai don kada ya yi ƙara. Aka tura Gorda zuwa wurin Bienvenido mai walda, wanda muka yi firamare tare, mutumin da gashin girarsa ya ƙone tun yana saurayi bai sake tsirowa ba. Suka zare tsohon injin, suka yanka, suka liƙa, suka yi ta zagin ƙarfe. Ni kuma na bi gida-gida ina shelar cewa motarmu za ta dawo yarinya.

Ta dawo yarinya kuwa. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Na sa rigata mai furanni, na buɗe ƙofa a gaban duk 'yan layi, na zura kai zan zauna a mazaunina. Sai ga sandar nan mai jan kai ta huda ƙasan motar ta fito, tsaye ƙiƙam, daidai inda ƙafafuna suka saba zama tun ina da haƙorana.

Mai zama a tsakiya yanzu sai ya raba ƙafa, sanda a tsakani. 'Yan samari suna iyawa. Ni da ƙugun ƙarfe na gwada, na ji kamar ana buɗe tsohon almakashi. Na gwada karkata gwiwoyi gefe guda, Evaristo ya sa giya ta biyu, jan kan ya sauka a ƙoƙon gwiwata, na kira sunan duk waliyyan da na sani. A ce in koma bakin ƙofa? Kowane mai shiga tsakiya sai na sauka na ba shi hanya, yini guda ina hawa ina sauka, ƙuguna ba zai kai azahar ba. Kuma ko na zauna, me zan riƙe? Sabuwar giya ta uku ba ta fita ko a tudun da ya fi kowane tsayi.

Na fito a hankali, na gyara riga, na ce wa 'yan kallo, "Dama na gaji. Ritaya na yi."

Na yi ritaya a baranda. Kowa ya wuce sai na gaya masa irin daɗin da nake ji. Na shayar da tukunyar fure ɗaya har ta ruɓe. Na dafa shinkafa da baƙin wake tun hantsi, na zauna ina kallonsu suna hucewa. Na yi faɗa da rediyo. Abin da ya fi ci mini rai, da can ko a cikin motoci ɗari na san tarin Gorda, yanzu kuwa sai ta tsaya a ƙofar gida ban ji zuwanta ba.

Shi ma maigidan bai ji da daɗi ba, ko da yake sai a bakin mutane na ji. Ba ya kiran hanya, sai ya tsaya ya zuba wa mutane ido, su ma su zuba masa. Ya wuce da wata mata har tsakiyar gari don ta ce a sauke ta a hankali bai ji ba. Wani ƙato ya maka ƙofar baya da ƙarfi har gilashi ya faɗa cikin ƙofar, Evaristo ya bi shi da kallo kawai. Yana dawowa na tambaye shi, "Yaya yarinyar taka?"

"Lafiya."

"Giya ba ta fita?"

"A'a."

"To madalla. Ka huta da ni."

Ya dube ni, ya dubi rogon da ke gabansa, ya ci gaba da ci. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane don kada a ji shessheƙata.

Wata Asabar da safe ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ce, "Taso." Na zauna a baya kamar baƙuwa, ya kai ni wurin Bienvenido.

"A'a, Onelia mai ritaya!" in ji Bienvenido. "An ce yanzu furanni kike kashewa."

"Gara ni, da ruwa nake kashewa. Ina girarka?"

"Tana wurin da haƙoranki suke. Shiga ki zauna a tsakiya, ki haɗe gwiwoyi, ki ɗan ɗage siket."

"Kai, tsohon banza! A gaban mijina?"

"Shi ya ce. Wato bai ce ba, ya nuna da hannu."

Na zauna. Ya ɗauko wata waya mai kauri, ya durƙusa yana nishi, ya lanƙwasa ta a jikin gwiwata ta hagu, ta zagayo ta hau. Tun da likita ya sa mini ƙarfe ba namijin da ya kula da ƙafata haka. Sannan ya kwance sandar mai ƙyalli, ya ɗaure ta a bakin maƙata, ya kunna wuta. Ina kallo ƙyallin da na zaɓa da bakina ya koma baƙi ƙirin.

Da ƙarfen ya yi ja, sai ya ɗaga kai ya ce, "Evaristo, gindin zai kauce wa gwiwarta, wannan an gama. Saura kan. In karkato shi wajenka, ko?"

Na buɗe baki zan amsa. Karo na farko a rayuwata, ya riga ni.

"Wajenta."

Bienvenido ya ture gilashin fuskarsa sama. "Wajenta? Kai fa ne direba, mutumina. Hannunka zai yi nisa."

"Nata kusa ne."

Bienvenido ya dube ni, ya ce, "Yau ga abin al'ajabi, a kira 'yan jarida," sannan ya lanƙwasa.

Sandar ta fito kamar wuyan agwagwar da aka taka. Muni kam ba a magana. Amma ta bi gefen gwiwata sumul, jan kan ya zo ya tsaya daidai tafin hannuna na hagu. Koyon bai zo da sauƙi ba. Ranar farko na nemi ta uku na sa ta biyar a kan gadar Almendares, Gorda ta shaƙe ta mutu, motocin baya suka yi ta zagin kakanninmu da hon. Na leƙa ta kan cinyar fasinja na rama mana.

Yanzu mun daidaita. Shi ke taka kuloci, ni ke sa giya. Ba ya cewa komai, ƙafarsa nake kallo, in ta sauka hannuna ya tafi. In muka hango ɗan sanda sai ya ɗora hannunsa a kan nawa, mu wuce kamar tsofaffin da soyayya ta hana su kunya. Wani lokaci mun wuce ɗan sandan da nisa hannun yana nan, ni kuma ba na tuna masa.

Yosvany ya ga hoton sandar ya kama kai. "Mama, me kuka yi wa kayan da na aiko? Sabuwa fil fa!"

"Mun gyara ta," na ce. "Masu ƙera ta ba su auna gwiwata ba."

Jiya wata yarinya da ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta kallonmu, can ta kasa haƙuri ta ce, "Kaka, wai a cikinku wa ke tuƙin?"

"Shi," na ce. "Ni dai in ban yarda ba, ko baya ba ya iya komawa. Nan za ki sauka? To a hankali da ƙofa."