Gayyar Alhamis da ta riƙe mana aji shida

Shekara tara ke nan da muka raka yayana, Malam Habu, gidansa na gaskiya a Durba. Duk shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin tsoro nake ji.

Farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da ba a zancen komai sai Shari'a da siyasa, wani kamfani ya gina mana azuzuwa. Ya kawo benci da littattafai, ya kuma ɗauki nauyin duk yaron da ya ci jarrabawar shiga sakandare a Rano. Alheri ne, babu musu. Sai dai mutanen kamfanin da rani suka zo. Ba su san cewa da zarar ruwa ya sauka aji zai watse ba, don babu uban da zai bar ciyawa ta cinye masa dawa saboda boko.

Malam Habu malamin allo ne, bai taɓa zama a benci ba, amma shi ya gano bakin zaren. Tunda ba a karatun allo ranar Alhamis, sai ya mayar da ita ranar gayya. Duk magidancin da ya bar ɗansa a aji, za a taru a nome masa gona. Shi yake riga kowa isa, ya naɗe ƙafar wando ya duƙa. Wa zai ga malami a duƙe ya tsaya riƙe da ƙugu? Wani ya taɓa zolayarsa, "Malam, kai da boko kuma?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ni noma na zo yi. Kama nan gefen." Haka aji ya riƙa cika rani da damina, baƙin kamfanin na ta yaba wa hedimasta, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar shi ya yi zufar.

Yanzu ni nake koyar da aji shida. Tun bayan rasuwar Malam gayyar take ja da baya, har ta mutu. Bara da damina da yatsu nake ƙirga ɗalibaina. Kwanan baya jami'ar kamfanin ta zo, mace mai ladabi, ta ce in bana ma haka ta tarar, za su mayar da tallafin wani gari. Ban ga laifinta ba. Amma a ajin nan autar Malam take, Hafsatu, wadda ya bari tana tatata. Kanta na ja, kuma in tallafin ya tafi, ni da mahaifiyarta ba mu da ƙarfin kai ta Rano.

Ga ni ɗan manomi jikan manomi, amma yau in hadari ya taso ta gabas gabana faɗuwa yake.

Ranar Juma'a na daure na miƙe a masallaci na kira gayya. Baba Ilu, dattijon da ba ya fashi a zamanin Malam, ya kamo hannuna a bakin ƙofa. "Malam ƙarami, da wa za ka yi ta? Samarin da yayanka ya riƙe a aji ai suna Kano, suna Zariya. Karatun ya kwashe su. Mu ne muka rage, mu kuwa bayanmu ya ƙi."

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Malam zai ce. Murna zai yi da malaman asibiti da injiniyoyin da gayyarsa ta haifa, ko zai ga ya nome hannayen garin ne ya aika birni? Na fi zaton fartanya zai nema.

Abin da ya bari ke nan. Ba gini ba, wannan na kamfani ne. Ya bar mana sanin cewa kowace kujerar aji tana da gonar da ke biyan ta. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma na sani. Duk da haka, wannan Alhamis zan bar wa hedimasta ajin in je gonar mahaifin ɗalibin da ya fara ɓacewa daga aji. Hafsatu ta ce za ta biyo ni ta taya ni. Na daka mata tsawa na ce ta wuce aji.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa kada in duƙa ni kaɗai.