Gangar da Malam Isufu Ya Zazzage

Har yau ban manta da ranar da Malam Isufu ya zazzage gangar Turawa ba. Lokacin ina shekara ta shida a wani zauren kiɗa a Dubai, ni ne shugaban masu ɗaukar kaya. Aikinmu shi ne mu sauke akwatunan makaɗa, mu jera kujeru, mu ɓace kafin 'yan kallo su shigo. Tun a lokacin na gaji da aikin, gwiwoyina ma sun gaji da ni.

Isufu mutumin Maraɗi ne, ya haura hamsin. Shekara goma sha biyu ya yi yana ɗaure kayan kargo a wani shago a unguwar Al Sabkha kafin shagon ya rufe, ni kuma na kawo shi wurinmu. Wata uku na gwaji aka ba shi: in ya ci a sabunta masa biza, in ya faɗi sai gida. Saura mako biyu.

A makon ne wata ƙungiyar makaɗa ta iso, masu goge manya da ƙanana da masu busa. Duk kiɗan da suka zo da shi na ruwa ne: yayyafi, kogi, sai teku a ƙarshe. Cikin kayansu akwai wata ganga mai faɗi kamar faifai, an zuba mata ƙananan ƙwallayen ƙarfe. In aka karkata ta a hankali sai ta yi ƙarar igiyar ruwa tana jan yashi. Ni na san haka. Ban gaya wa kowa ba, don ni ma ba gaya mini aka yi ba.

A kargo kuwa ƙa'ida ɗaya ce: abin da ya yi motsi a cikin kwali, ko ya fashe ko datti ya shiga. Isufu ya ɗaga gangar ya ji shuuu, ya lalubo ɗan murfin gefe, ya zazzage ta tas, ya share wurin.

Ƙarfe huɗu makaɗan suka fara gwajin kiɗa. Matar da ke riƙe da gangar ta karkata ta, shiru. Ta sake, shiru. Manaja ya juyo kanmu.

"Wa ya taɓa wannan?"

Na sunkuyar da kai. Isufu ya matso yana murmushi, godiya yake jira.

"Ni ne, patron," haka yake kiran maigida. "Tsakuwa ta shiga, na fitar. Yanzu tsaf take."

Ni da Isufu muka zazzage buhunan shara a bayan zaure, dattawa biyu a durƙushe, muna tsince ƙwallaye daga cikin ganyen shayi. Mun samu yawancinsu. Bayan magariba aka yi kiɗan, muna laɓe a bayan labule. Da aka zo kan teku, goge suka yi ƙasa, gangar ta fara ja tana saki. Isufu ya kama hannuna.

"Malam Sani, ashe abin da na zubar ke nan? Shekarun nan duka ina garin nan, wallahi ban taɓa zama na saurari teku ba."

Washegari manaja ya miƙo mini takardar rahoto. Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ko kai ko shi. Ka yi masa bayani ko ba ka yi ba?"

Ina da 'ya'ya huɗu a Kano. Na rubuta cewa na yi.

Ni na raka shi filin jirgi. Bai tambaye ni komai ba, sai ma godiya ya yi mini da na samo masa aikin, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ku sababbin masu ɗaukar kaya da kuka shigo yanzu, ku ji. A sana'ar nan muna ɗaukar abubuwan da ba wanda ya damu ya gaya mana amfaninsu, in an samu kuskure kuma na ƙasa ake nema. Shi ya sa nake ɓata muku lokaci, nake sa ku ji ƙarar kowane kaya kafin ku taɓa shi. Minti ɗaya ne. Shi na hana Isufu.