Ña Fidelina, Mai Amsa Tambayoyin da Aka Yi Watsi da Su

Kullum da safe Ña Fidelina Ozuna takan dafa shayin cocido, ta ɗauki burodin rogo na chipa guda, ta zauna gaban tsohuwar kwamfutarta a ɗakin da tagarsa ke kallon kogin Paraná. Mijinta Anselmo ya daɗe da rasuwa. Ɗanta tilo yana Madrid, yakan kira idan ya samu sarari. Sai ta buɗe dandalin intanet da masu rubuta manhaja ke kawo matsalolinsu, ta nemo tambayoyin da suka kwana babu wanda ya kula su. Da su take farawa.

Mun yi aiki tare a wani ofishin rarraba ruwa a nan Encarnación kafin ta yi ritaya. Ɗakinta na can ƙarshen gini, inda ba a zuwa sai wani abu ya lalace. Aikinta karanta log, wato fayil ɗin da na'ura ke rubuta duk abin da ya same ta, layi bayan layi, dubbai. Da regex take tace su, wasu 'yan alamomi da ake jerawa su zaƙulo layin da ake nema. Ranar da na fara ganin irin wanda take rubutawa na ce, "Ña Fide, wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono a kan allon?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai dai zuba min shayin sanyi na tereré, ɗana, ka bar kazar ta yi aikinta."

Ita ta koya min ɓoyayyun ayyuka, waɗanda manhaja ke amfani da su a cikinta kawai, ba a kiran su daga waje. Na so in buɗe wani don in gwada shi cikin sauƙi, ta hana ni. "Idan ka buɗe shi yau, gobe wani zai jingina da shi, daga nan ba ka isa ka gyara shi ba. Gwada shi ta ƙofar gaba."

Bayan ritayarta ne wata Yanira Zelaya ta rubuto tambaya a dandalin daga Honduras. Ita kaɗai ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti, ta kuma rubuta manhajar da ke karanta log na firjin da ake ajiye insulin, maganin ciwon sukari, don ta yi ƙara idan sanyi ya ragu. Tambayarta ƙarama ce, a kan yadda za ta raba aikin zuwa ɓoyayyun sassa. Ña Fidelina ta amsa, sannan ta ƙara da cewa, "'Yata, turo min layukan log ɗin kansu in gani."

Da ta duba sai ta lura sabon firjin yana rubuta ma'aunin sanyi da waƙafi a tsakiyar lambobin, tsohon kuma da ɗigo. Regex ɗin Yanira ɗigo kawai ya sani, don haka yana tsallake duk abin da sabon firjin ya faɗa. Ta gyara mata, ta ce ta je ta taɓa firjin da hannunta. Yanira ta je ta tarar ya fara ɗumi, aka kwashe maganin kafin ya lalace.

Yanira ta ce lallai sai ta ga fuskarta, suka sa ranar Lahadi za su gaisa ta bidiyo. Na je gidan Ña Fidelina a ranar, na tarar ta sa 'yan kunne da rigar zuwa coci, ta share ɗaki, ta gyara labule. Muka zauna har rana ta yi sanyi, kira bai shigo ba. Daga baya Yanira ta ba da haƙuri, wuta ce ta ɗauke a garinsu, kuma ba a sake sa wata ranar ba.

"Yarinya ce mai aiki da yawa," in ji Ña Fidelina, tana cire 'yan kunnen. "Tsaya ka ci abinci, na dafa da yawa."

Ña Fidelina, ke ce mai tsayawa inda kowa ya wuce. Ba ki taɓa ce wa sabon shiga tambayarsa ta wauta ce ba. Mutanen da kika fitar daga ƙunci suna Lima, suna Oaxaca, suna Santo Domingo, yawancinsu ko sunanki na gaskiya ba su sani ba. Sun karɓi amsa sun tafi, ke kuma kin koma ga tambaya ta gaba.

Yanzu idanunta sun raunana. Ta ƙara girman haruffa har kalma biyu ke cika allo, a regex kuwa ɗigo ɗaya na iya sauya komai. A watan jiya ta aika wa wani amsa da kuskure, ta gano da kanta, ta gyara, sannan ta rufe kwamfutar. Da na je ba ta yi maganar idonta ba. Cewa ta yi, "Akwai wani bawan Allah a Cusco da tambayarsa ke nan tun Talata. Ka duba masa."

Na duba masa. Mun gode, Ña Fide, da mu da waɗanda ba su san wa za su gode wa ba. Ku kuma da kuka iya wannan aiki, ku shiga dandalin ku gangara can ƙasa, inda tambayoyi ke zaune babu amsa, ku ɗauki guda. Wanda hanya ta biyo da shi Encarnación kuwa, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Tana gida.